"Duk namijin da ya taɓa ki": muhawarar zauren unguwa kan karatun balaga

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi mini haƙuri, maganar da zan kawo yau ba ta kwata ba ce, ba ta transfoma ba, amma kwana uku ke nan tana cina.

Wata ɗalibata ce a Islamiyya, shekararta 12. Kada kowa ya tambaye ni 'yar wane gida ce. Ranar Lahadi na ga ta kifa kai a benci, kafaɗunta na rawa. Da aka tashi na tsayar da ita. Da ƙyar ta buɗe baki ta ce, "Malama, ciki gare ni." Wallahi sai da ƙafata ta yi sanyi. Na zaunar da ita na bi ta a sannu. Ashe wata biyu da suka wuce ta fara al'ada. Uwar ta yago mata tsohon zane ta ce, "To kin girma. Daga yau duk namijin da ya taɓa ki, ciki za ki yi." Iyakar karatun ke nan. Bayan nan aka aike ta Tsohuwar Kasuwa, ta hau kabu-kabu, mai babur ya taka birki ta faɗa bayansa, wajen ba ta canji kuma hannunsa ya gogi nata. Wannan watan jini bai zo ba. Yarinya ta yi lissafinta ita kaɗai. Ƙawarta ta ce ta jiƙa kanwa ta sha, ta sha har sau biyu.

Kun san ƙungiyar matasan unguwa ta taɓa kawo shawarar a riƙa zama da yara ranar Asabar, mata daban da mata, maza daban da maza, a yi musu bayanin balaga da tsarki da lafiyar jikinsu. A lokacin ni ma shiru na yi. Yanzu ina son a dawo da maganar.

Shamsu:
Innalillahi. To mu masu kabu-kabu mun shiga uku, ashe birki ma laifi ne.

Admin:
Shamsu, ba wurin wasa ba ne.

Alhaji Garba Kara:
Wa alaikumus salam. Malama, Allah shi saka miki, kin yi ƙoƙari da yarinyar. Amma ni dai ban aminta ba. Wagga magana ta ɗaki ta, ba ta taro ba. Mu da munka tashi, wa yaz zamnad da mu yak koya muna? Ga mu mun yi aure, mun haihu, mun aurar. Yaron da bai san abu ba, kai ka hwaɗa mai, ai ka tada mai hankali na. Kuma na san inda abin ga ke zuwa. Yau a ce haila, gobe masu hwarar mota su zaka da kwalaye su raba ma ɗiyanmu roba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi.

Nas Rabi:
Kafin a yi nisa, Malama ki kwantar da hankalin yarinyar. A shekara ɗaya ko biyu na farko al'ada ba ta zama daram. Ta kan zo wannan wata ta tsallake na gaba, wani lokaci har wata biyu ko uku, don jiki bai gama daidaita ba. Ba ciwo ba ne. Kanwar nan dai ta daina, in kuma tana jin ciwon ciki ko amai a kawo ta.

Alhaji, ranka ya daɗe, shekarata 17 ina karɓar haihuwa. Wannan yarinyar ta Malama mai sa'a ce, tsoron banza ta ji. Akwai kishiyarta, ita nake gani a wurin aiki: wadda aka ce mata sau ɗaya ba ya zama ciki, ko in ta yi tsalle ta wanke da ruwan gishiri shi ke nan. Duka biyun rashin sani ɗaya ne. Ɗaya tana tsoron abin da ba shi da haɗari, ɗaya ba ta tsoron abin da zai iya kashe ta.

Malam Nasiru:
Bismillah. Alhaji, zan saɓa maka kaɗan, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ka ce ba wanda ya koya mana. An koya mana, mantawa muka yi. Duk wanda ya zauna gaban malami a garin nan na Sakkwato ya fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi, ya kai Iziyya da Risala. A cikin Ahalari ɗin nan da muke ba yaro ɗan shekara goma akwai fasalin haila, akwai fasalin biƙi, akwai abin da ke wajabta wanka. A can aka ce mai farawa mafi tsawon hailarta kwana 15, mafi tsawon jinin biƙi kwana 60. Waɗannan ba Bature ya kawo su ba.

Ummu Sulaim ta je gaban Manzon Allah (SAW) ta tambaye shi ko mace na wanka idan ta yi mafarki, ta fara da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya, kuma ya amsa mata. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. An umarce mu mu raba wa yara makwanci in sun kai goma. Suratun Nur aya ta 58 ta koya wa yara lokuta uku da ba su shiga ɗakin iyaye sai da izini. Wanda ya ce a raba makwanci ya san abin da ke tasowa a jikin yaro.

Laifinmu mu malamai, in mun iso waɗannan babuka sai mu sassauta murya mu ƙara gudu. Yaro zai haddace maka maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ya jero hukuncin kowanne, amma ka tambaye shi mene ne su, sai ya kalli silin. Mun ba shi sunan, mun hana shi ma'anar.

Sharaɗina ɗaya: a gina karatun kan littattafanmu. Ba na son littafin da aka rubuta don yaran wata ƙasa a fassara mana shi a ce mu karanta wa namu.

Bashar (sakataren matasa):
Allah gafarta Malam, ni ne yaron da ya kalli silin.

Baba Alhaji, da girmanka, bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Ina ɗan shekara 14 na fara mafarki. Na ɗauka wani ciwo ne ya kama ni. Ban san wanka ya hau kaina ba, kusan shekara ina salla haka nan. Wanda ya fara yi mini bayani ba babana ba ne, ba malamina ba ne. Mai tallar magani ne a bakin kasuwa, da lasifika a kan mota, yana cewa duk saurayin da ke ganin kaza da kaza sanyi ne ya cinye shi, ba zai iya zaman aure ba. Na tara kuɗin tara na sayi gora biyu. Zawo kawai na sha.

Baba, wannan lasifikar a bakin kasuwarku take. Abin da mutumin nan ke faɗa da rana tsaka, gaban mata da yara, ko rabinsa Nas Rabi ba za ta iya furtawa ba. Ban taɓa jin an ce ya tada hankalin yara ba.

Yanzu ma an wuce lasifika. Ƙanena na aji biyu a ƙaramar sakandare ya san sunayen kayan mata fiye da ni, daga TikTok, a wayar mamarmu. Ana koya musu, Baba. Tun tuni ake koya musu. Mu ne kawai ba mu cikin ajin.

Maman Walid:
Bashar Allah ya yi maka albarka. Ba kowane namiji zai iya faɗin wannan ba.

Alhaji Garba Kara:
Bashar, mai lasihika ɗan iska na, kowa ya sani, shi ya sa ba a kula shi. Amma in malami da nas sunka hwaɗi abu, yaro na ɗaukar shi da nauyi. Nan bambancin yake.

Kuma ku bar ganin kamar tsoron banza nike. A 1996 kamhwanin Pfizer ya gwada magani bisa ɗiyan mutane a Kano lokacin sanƙarau, wasu sunka mutu, wasu sunka nakasa, anka yi ta shari'a shekara da shekaru. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa. Sannan shi kanshi ministan ilimi Adamu Adamu, a 2022, ya ce a cire wanga karatu daga manhajar makarantu. Ku kun hi minista sani?

Malam Umaru (malamin sakandare):
Alhaji, wannan fagena ne, bari in sa baki. Gaskiya ne, a Nuwamban 2022 ministan ya umarci hukumar tsara manhaja ta cire shi. Amma ka ƙarasa maganarsa: cewa ya yi a bar abin a hannun iyaye da malaman addini. To ga iyayen nan, mu ne. Ga malamin addini, Malam Nasiru. Minista ya miƙo mana kaya, mu kuma mun ce ba namu ba ne.

Ita manhajar ma tun 2003 take. Da farko da sunan ilimin jinsi aka fito da ita, aka yi ca, musamman daga nan Arewa, sai aka rage wasu abubuwa aka sake mata suna ilimin rayuwar iyali da ƙanjamau, aka ba kowace jiha damar daidaita ta da al'adarta. A aikace kuwa, ni shaida ne, in aka zo babin haihuwa a darasin kimiyya, malami ya kan ce "ku karanta a gida" ya wuce. Ni ma na yi. Namiji ne ni gaban 'yan mata sittin, wasu 'ya'yan abokaina, me zan ce? Ga kuma yaran da ba su taɓa shiga aji ba, masu talla da almajirai, waɗanda ko an koyar ba za su ji ba. Shi ya sa nake ganin unguwa ta fi makaranta dacewa da wannan aikin.

Batun Kano kuwa ba wanda zai ce ka yi ƙarya. Amma ka tuna yadda aka fita daga rikicin allurar shan inna. Ba da masu farar mota aka fita ba. Sai da Mai Alfarma Sarkin Musulmi da sarakuna suka shiga, hakimai da masu unguwanni suka tsaya a ƙofar gida, sannan mutane suka miƙo yara, har aka kai 2020 aka ce cutar ta bar ƙasar. Abu in na gida ne ya kawo shi, ana iya tsare shi a tambaye shi.

Zainab (a madadin Inna Ige):
Inna ta sa na karanta mata duk abin da aka rubuta. Ta ce in rubuta nata yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Ku gai da Garba, ku ce mai ni na san ranar da anka haihe shi, don haka shi saurara.

Da ya ce ba a koya muna ba, maza na ba a koya ma. Mu an koya muna. Amma ba uwa ka koyawa ba. Uwa ba ta iyawa, balle ga ɗiyar hwari da ko sunanta ba ta hwaɗi. Aikin kaka na, da gwaggo, da matar yaya. Ni kakata ta koya min yadda ake ƙunzugu, yadda ake wanke shi a shanya inda ba a gani, da ranar da zan yi wanka in koma salla. Gidanmu mutum ya hi arba'in, ko ina ka juya akwai tsohuwa. Yanzu kowa ya kama haya ɗaki biyu, shi da matarshi da ɗiyanshi, kaka na ƙauye, gwaggo na Abuja. Kun rushe makarantar, kun bar uwa ita ɗai da kunyarta, sannan kuna mamaki.

Na biyu, mu da jini ya zaka, ba a daɗewa sai gidan miji. Yanzu ɗiya na balaga da sha biyu, ba ta aure sai ashirin ko hiye. Shekarun ga na tsakani, wa ka riƙe ta?

Kuma kada ku ce komi na da alheri na. Ƙanwata Allah shi jiƙanta, haihuwar hwari, kwana ukku tana naƙuda a ɗaki ba ta ko nishi, don an ce kunya ta a ji muryarki. Anka kira wata ta yi mata yankan gishiri. Ɗan bai zo da rai ba, ita ko tun ran nan hitsari bai sake tsaya mata ba. Miji ya sake ta. Shekara tara tana zamne bisa tsumma. Da akwai wanda ya gaya muna naƙudar da ta kwana ta wuni ba ta kunya ba ta, ta asibiti ta, da ba haka ba.

Ni ban ga baƙon abu ga mata su taru su koya ma mata ba. Nana Asma'u ɗiyar Shehu mi ta yi? Ta naɗa jajis, mata masu jagorancin karatu, ta aza musu malhwa, su tahi ƙauyukka su tara mata su koya musu tsarki da salla da zaman duniya. 'Yan Taru ke nan. Kabarinta na nan Hubbare, ku tai ku tambaye ta ko ta nemi izinin Garba."

Shamsu:
Inna ta gama magana. A rufe zaure.

Malam Nasiru:
Inna ta yi gaskiya. Shi kansa Shehu a Nurul Albab ya soki malaman da ke tara ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Nana Asma'u ta rasu a 1864, amma har yau akwai tsofaffin da za su ce maka kakarsu 'yar taru ce.

Nas Rabi:
Allah ya jiƙan ƙanwar Inna. Abin da ya same ta, yoyon fitsari, har yanzu yana samun mata. Kan jariri ne ke daɗewa yana danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu ya huje. Ya fi samun yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, da duk macen da aka bari a gida naƙuda ta yi tsawo. Yanzu ana ɗinke shi, a asibitin mata da yara na Maryam Abacha nan cikin gari ana yi, amma da yawa ba su san ana warkewa ba.

Ni abin da nake so a koya ba shi da yawa. Yarinya ta san al'ada kafin ta gan ta. Ta san yadda ciki ke shiga da gaske, ba tatsuniya ba. Ta san wane ruwa ne na lafiya, wane ne na ciwo, don rabin masu zuwa suna cewa "sanyi" lafiyarsu ƙalau, sauran kuma sun sha maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai har ya daina yi musu aiki. Wadda aka sa wa rana ta san awon ciki, ta san kumburin ƙafa da fuska da ciwon kai mai tsanani alamar jijjiga ce, ba iska ba. Ta san gwajin jini kafin a shafa fatiha: AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Ko allurar kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14 a ƙasar nan a 2023, iyaye nawa suka hana saboda an ce ta hana haihuwa ce? Uwar da ba ta san mene ne bakin mahaifa ba, da me za ta auna jita-jita?

Maman Walid:
Akwai abin da kowa ke zagayewa. Ni zan faɗa.

Muna ta cewa "namiji ya taɓa ki" kamar daga sama zai faɗo. Wanda ke lalata yaran nan yawanci ba baƙo ba ne. Mai shagon da ake aikenta ne, maƙwabci ne, ɗan uwan da ke kwana a zaure ne. Kuma ba mata kaɗai ba, yara maza ma ana yi musu, su nasu ma ba mai tambaya. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan cewa duk abin da ke ƙasan cibiya ba a faɗinsa, ranar da aka cuce ta da wane baki za ta faɗa? Shi mugun ya san haka. Kunyar da muka koya mata ita ce garkuwarsa.

Na san gidan da abin ya faru, aka ce a rufa asiri, aka karɓi haƙuri a zauren mai unguwa. Mutumin yana nan yana yawo. Yarinyar ce aka kai ƙauye.

Nas Rabi:
Wannan kowa ya adana shi: in an yi wa yaro ko yarinya fyaɗe, a kai asibiti cikin awa 72, kwana uku ke nan, da wuri ya fi. A cikin wannan lokacin akwai maganin da ke hana ƙanjamau kama jiki, in an wuce ba ya aiki. Kada a tsaya zaman sulhu tukuna, kada a wanke kayan da ke jikinta. Akwai cibiyar Nana Khadija a cikin asibitin ƙwararru, aikinta ke nan. Kuma tun 2021 jihar nan ta sa hannu kan dokar kare yara da ta hana cin zarafi. Doka na nan, kai ƙara ne ba a yi.

Sanusi mai kemis:
Tun ɗazu nake karantawa ina jin nauyin magana. Jama'a, in kuna son sanin abin da yaran unguwar nan suka sani da wanda ba su sani ba, ku zo ku zauna a shagona bayan isha'i.

Ba su zuwa da kansu. Ƙaramin yaro ake ba takarda a ninke, an rubuta sunan magani, sau da yawa ba daidai ba. Ƙwayar da ake sha bayan an sadu, wadda ta gaggawa ce, akwai masu shan ta kamar kullum. Akwai saurayin da zai zo ya ce "abokina" na fitsari da zafi, a ba shi kafso biyu. In ce ya je asibiti a duba, ya kawo wadda suke tare ita ma a yi mata magani, sai ya fita ya tafi wani shagon. Waɗannan ba 'ya'yan wasu ba ne. Wasu iyayensu na cikin zauren nan, kuma har abada ba za ku ji daga bakina ba.

To tambayata: in an fara karatun nan, za a gaya musu yadda ake kariya, ko za a tsaya a "ku ji tsoron Allah"?

Malam Nasiru:
Nan ne zan tsaya, Sanusi. Ba zan zauna a wurin da ake koya wa wanda bai yi aure ba yadda zai yi zina lafiya ba. Tazarar haihuwa ga ma'aurata wani abu ne, sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu, malamai sun yi bayani. Amma ga saurayi da budurwa, abin da zan ce shi ne kada ku kusance ta.

Nas Rabi:
Allah gafarta Malam, ban ce a raba komai ba, kuma ba zan kawo kwali ba. Amma in yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, gaskiya ne in an sha kaza ciki ba ya shiga?" ba zan ce mata ban sani ba. Zan gaya mata gaskiya, in gaya mata haɗarinsa. Kai aikinka ka hana ta faɗawa rijiya. Ni wadda ta riga ta faɗa ake kawo mini, wani lokaci da ƙarfe biyun dare, jini na zuba, an je an taɓa cikin a wani lungu. Ita ma 'yar wani ce.

Malam Nasiru:
Amsa tambaya daban, sa shi cikin darasi daban.

Nas Rabi:
Na yarda da wannan.

Sanusi mai kemis:
Ni ban gamsu ba, amma ba zan ɓata tafiya ba. Takardun dai za su ci gaba da zuwa.

Bashar (sakataren matasa):
Akwai batun kuɗi. Wata ƙungiya ta taɓa tuntuɓarmu, za su ba da littafi da kuɗin zama da lemo. Mun ce sai mun yi shawara.

Malam Umaru (malamin sakandare):
Kada ku karɓa. Ba don mugaye ba ne, wasunsu sun yi aikin kirki. A 2013 da aka fara raba maganin cibiya da ƙwayar tsayar da jini bayan haihuwa gida-gida a jihar nan, da tallafin waje aka yi, amma matan unguwa da kwamitocin mazaɓu ne suka ɗauke shi a ka, shi ya sa ya shiga. Matsalar kuɗin zama ita ce ranar da ya tsaya, zaman ya tsaya. Kun ga yadda ayyuka suka watse a 2025 da Amurka ta rufe famfon tallafinta. Sannan da zarar an ga baƙuwar mota a ƙofar Islamiyya, Alhaji ya ci gardama, ni ma zan koma bayansa. Tabarma muna da ita. Allo muna da shi. In akwai abin da Nas ke buƙata na ilimi daga littafinsu, ta karanta a gida ta zo ta faɗa da bakinta.

Alhaji Garba Kara:
Inna, na ji, Allah shi ƙara girma. Ba ni da ta cewa gabanki.

Amma ban ce na aminta duka ba. Ga nawa: a rubuta abin da za a koya, a kai ma liman da mai unguwa su gani. Hajiyata ta zamna cikin ajin mata ko wace Asabar. Ba waya, ba hoto, ba baƙo. Ɗiyan da ba su kai goma ba a bar su gida. In anka yi hakanga, ni zan sayi katan biyu na audugar mata duk wata, a ba waɗanda ba su da hali. In na ji abin da bai yi min ba, ni da kaina zan zaka in tada taron.

Maman Walid:
Alhaji, 'yan ƙasa da goma su ma a koya musu abu ɗaya: wurin da ba mai taɓa musu, da wanda za su gaya wa in an taɓa. Ba sai an faɗi komai ba.

Alhaji Garba Kara:
Wannan uwaye su yi a gida.

Maman Walid:
Uwayen da suka ce duk namijin da ya taɓa ki?

Admin:
To a bar wannan sai an haɗu. Alhamis bayan isha'i, ƙofar gidan mai unguwa. Mata kuma Malama Hadiza za ta tara ku Juma'a da la'asar. Ajin mata akwai Malama, Nas Rabi, Hajiyar Alhaji. Ajin maza fa? Malam Nasiru ya ce zai ɗauki fiƙihu. Wa zai ɗauki ɓangaren lafiya? Muna da ma'aikatan asibiti maza har uku a zauren nan, ina ganin sun karanta.

Shamsu:
Sun karanta, data ce ta ƙare.

Bashar (sakataren matasa):
In ba wanda ya fito, ni zan zauna da Nas Rabi ta koya mini in je in faɗa. Amma gaskiya ya fi kyau a samu babba.

Malama Hadiza:
Alhamdu lillahi, yarinyar ta zo ɗazu tana dariya, jini ya zo da safe. Saura uwar. Ba ta san komai ba har yanzu, kuma ina tsoron in na je ni kaɗai ta ɗauka na zo tona mata asiri ne, ta huce a kan yarinyar. Wa zai raka ni?

Zainab (a madadin Inna Ige):
Inna ta ce ki biyo gobe bayan la'asar ki ɗauke ta. Ta ce ki samo keke, kada ki zo da kabu-kabu, gwiwarta na ciwo.